Inabin Girka na Gado da Yadda Ake Sarrafa Shi

Ana ƙiyasta cewa ƙasar Girka tana da nau'in inabi na gado kusan 300, kuma yawancinsu ba a noma su a ko'ina sai can. Adadin yana da yawa ga ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba, wadda kusan kashi 80 cikin 100 na faɗinta duwatsu ne da tuddai. Sai dai duwatsun nan su ne asalin yawan. Kwari ɗaya ya kan rabu da na kusa da shi da tsauni mai wuyar hawa, tsibiri kuma ya rabu da ɗan'uwansa da teku, saboda haka kowane gari ya riƙe irin da ya gada, yana dasa shi ƙarni bayan ƙarni, har irin ya saba da ƙasar wurin da iskarsa da ƙarancin ruwansa. Daga cikin ɗaruruwan nan, waɗanda suka shiga kasuwa sosai ba su wuce 'yan gomomi ba.

Kasuwar giyar inabi ta duniya tana hannun wasu 'yan nau'o'in Faransa ne, irin su Cabernet Sauvignon da Merlot da Chardonnay, waɗanda ake dasawa daga Chile har Afirka ta Kudu. Girkawa ma sun dasa su a tsakiyar ƙarni na 20, suna ganin nan ci gaba yake, daga baya suka gane cewa abin da za su kai kasuwa wanda wani ba shi da shi yana bayan gidansu. Hukuncin giya a wurin Musulmi sananne ne, ba shi ake tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne aikin noma da sarrafawa da ya rayu dubban shekaru a ƙasa mai tsauri, da tasirinsa a tarihin wata al'umma.

Daga nono zuwa ganga

Abubuwa uku ne mai sarrafa inabi yake lura da su a cikin ɗan itacen: sukari, da tsami, da bauri. Sukari shi ne abin da yisti yake ci ya mayar barasa, yana fitar da iska mai kumfa. Tsami shi ke hana ruwan ya zama lami, ya kuma taimaka masa ya daɗe bai lalace ba. Bauri kuwa, irin wanda mai cin goro ya sani yana kama harshe da dasashi, yana fitowa ne daga fatar inabin da ƙwallayensa.

Bambancin fara da ja yana wurin fatar. In fara ake so, sai a matse nonon inabin da wuri, a raba ruwan da fatar, a bar shi ya tsimu cikin sanyi, wajen digiri 14 zuwa 18 a ma'aunin Selsiyus, don kada ƙamshinsa ya gudu. In ja ake so, sai a farfasa inabin a bar ruwan tare da fatarsa kwanaki ko makonni, a zafin da ya kai digiri 25 zuwa 30, ana dama shi a kai a kai domin fatar tana tasowa sama. A nan ne launi da bauri suke shiga ruwan. Bayan yisti ya gama aikinsa, barasar ta kan kai kashi 12 zuwa 14 cikin 100. Daga nan a tsiyaye, a bar dusar a ƙasa, a zuba a tankin ƙarfe ko gangar katako.

Matsalar ƙasa mai zafi ita ce rana tana ƙara sukari da sauri tana kuma cinye tsami. Inabin da ya nuna a irin wannan wuri ya kan ba da ruwa mai nauyi marar armashi. Hanyoyin kauce wa haka biyu ne: ko a hau tsauni inda dare yake da sanyi, ko a samu irin da yake riƙe tsaminsa duk da zafin. Kusan duk labarin inabin Girka yana komawa kan waɗannan biyun.

Tsohuwar sana'a

A Dikili Tash, kusa da kufan birnin Filibi a arewacin ƙasar, masu tonon tarihi sun samu ƙonannun ƙwallayen inabi da fatun da aka matse a cikin wani gida da ya ƙone wajen shekara ta 4300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Vathypetro da ke tsibirin Kirit akwai wurin matsar inabi da ya kai shekaru 3,500. Girkawan zamanin da suna jigilar ruwan inabi cikin dogayen tuluna masu hannu biyu zuwa ko'ina a gaɓar Bahar Rum, kuma ba sa shan sa sai sun sirka da ruwa. Tsibirin Thasos ma har dokoki ya sassaƙa a kan dutse a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, yana hana sayen amfanin gonar inabi tun kafin lokacinsa, yana kuma hana jiragen tsibirin shigo da na waje. A ƙarƙashin Daular Usmaniyya Kiristocin ƙasar sun ci gaba da sana'ar suna biyan haraji a kanta, gidajen ibadar sufayensu kuma, musamman na Dutsen Athos, sun riƙe gonaki masu yawa.

Babbar girgizar ta zo ne a ƙarni na 19, daga wani ƙwaro ɗan mitsitsi da ake kira filoksera. Asalinsa Amurka ta Arewa, ya shiga Faransa a shekarun 1860, yana tsotsar saiwar kurangar inabi har ta mutu. Da gonakin Faransa suka ƙare, sai 'yan kasuwarta suka juya ga zabibin Girka, wato busasshen ƙaramin baƙin inabin Koranti marar ƙwallo, suna jiƙa shi suna yin giya da shi. Manoman yankin Peloponis suka ga kuɗi, suka cika gonakinsu da shi, har zabibi ya zama fiye da rabin abin da ƙasar take fitarwa waje. Da Faransa ta farfaɗo da gonakinta ta ɗora haraji mai nauyi a farkon shekarun 1890, farashi ya faɗi warwas. A Disamban 1893 firaminista Charilaos Trikoupis ya sanar cewa ƙasar ta kasa biyan basussukanta, ƙauyuka da yawa kuma suka watse, samarinsu suka nufi Amurka. Dogaro da amfanin gona ɗaya da mai saye ɗaya bai taɓa yi wa manomi daɗi ba. Har yau dai ana noman wannan zabibi, kuma na Vostizza da ke kewayen garin Aigio shi ne ya fi suna.

Ƙwaron da kansa ya iso kusa da Tasalonika a 1898, ya bi arewacin ƙasar yana ɓarna. Maganin da duniya ta samu shi ne aure: a ɗauki reshen irin da ake so a haɗa shi da saiwar kurangar Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Yawancin gonakin Girka na yau haka suke. Amma akwai wuraren da ƙwaron bai taɓa samun shiga ba.

Santorini

Tsibirin Santorini ragowar dutse ne mai aman wuta da ya fashe wajen shekara ta 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, ya binne tsibirin da toka da wani farin dutse mai ramuka marar nauyi. Ƙasar ba ta da yumɓu kusan ko kaɗan, filoksera kuwa ba ya rayuwa a irin wannan ƙasa. Saboda haka kurangar Santorini tana tsaye a kan saiwarta ta asali, ba aure. Ruwan sama bai cika kai milimita 400 a shekara ba, shi ma da hunturu yake sauka, lokacin da kurangar take barci. Da bazara ba abin da ke zuwa sai rana mai ƙuna da iskar arewa da suke kira meltemi, wadda take kwasar yashi tana feshin duk abin da ya ɗaga kai.

Manoman tsibirin ba su kafa wa kurangar sanda ko waya ba. Kowace shekara da sanyi, mai datsa ya kan durƙusa gaban kuranga, ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi, ya yanke sauran, sannan ya lanƙwasa waɗanda ya bari yana saƙa su a kewaye a kan na bara, har abin ya zama kwando zaune a ƙasa. Kouloura suke ce masa. Nonon inabin yana fitowa ne ta cikin kwandon, ganye ya rufe shi daga sama, rassan da aka saƙa su tare masa iska da yashi. Da dare hazo ya kan taso daga teku, raɓa ta sauka, dutsen mai ramuka ya shanye ta ya riƙe wa saiwa. Ana barin tazara mai faɗi tsakanin kwando da kwando don kada su yi rububin ɗan danshin da ke akwai. Bayan shekaru masu yawa, in saƙar ta yi tsawo har ruwan jikin kurangar ya gaza kai wa ƙarshenta, sai a sare kwandon gaba ɗaya daga gindi, sabon toho ya fito daga tsohuwar saiwa. Shi ya sa kwandon da ido yake gani zai iya zama ɗan shekara 20, saiwar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta shekara ɗaruruwa. In kuranga ta mutu, ana cike gurbinta ta hanyar janyo reshen maƙwabciyarta a binne shi har ya yi saiwa.

Wannan aiki ba na inji ba ne. Datsa da tsinka duk da hannu ake yi, a sunkuye, girbi kuma a watan Agusta yake faɗowa, tsakiyar zafi. Abin da hekta take bayarwa kimanin tan 3 ne ko ƙasa da haka, alhali gonar inabi a ƙasa mai ruwa ta kan ninka wannan sau uku ko fiye.

Irin da ya mamaye tsibirin farin inabi ne mai suna Assyrtiko, tare da Athiri da Aidani kaɗan. Darajar Assyrtiko ita ce yana nuna sarai, sukarinsa ya cika, amma tsaminsa yana nan daram, abin da inabi kaɗan ne a duniya suke iya yi a irin wannan zafi. Rauninsa kuwa shi ne ruwansa yana saurin canza launi in iska ta taɓa shi. A dā, lokacin da ake matsa shi da ƙafa a ɗakunan da aka haƙa cikin dutse, waɗanda ake kira kanava, abin da ke fitowa ya kan yi duhu da nauyi. Dabarar mutanen dā ita ce su tsinka da rana su matse cikin sanyin dare, wannan salo kuma shi ne Nykteri da ake yi har yanzu. Zuwan tankunan ƙarfe masu na'urar sanyaya ruwa a shekarun 1980 shi ya fito da ainihin halin irin. Kamfanin Boutari ya buɗe masana'antarsa a tsibirin a 1989, ya kuma jawo manoma su riƙa girbi da wuri.

Akwai kuma Vinsanto, mai zaƙi. Ana shanya nonon inabin a rana mako ɗaya zuwa biyu har ya yamushe, a matse ɗan ruwan da ya rage mai kauri, ya tsimu a hankali, sannan doka ta ce sai ya yi aƙalla wata 24 a gangar katako. A ƙarni na 19 jiragen tsibirin suna kai shi Rasha, inda cocin Orthodox take amfani da shi.

Arewa da Peloponis

A yankin Makidoniya na arewacin Girka, a gangaren Dutsen Vermio, garin Naoussa yana noman baƙin inabi mai suna Xinomavro. Iri ne mai wuyar sha'ani. Yana makara wajen nuna, sai ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, don haka ruwan kaka ya kan riske shi. In aka bar kurangar ta yi 'ya'ya da yawa, ba ya nuna da kyau. Tsaminsa da baurinsa duka suna da ƙarfi, launinsa kuma ba ya da duhu, yana saurin komawa ja irin na bulo. Masana sukan ce ƙamshinsa na busasshen tumatir ne da zaitun, suna kwatanta shi da Nebbiolo na arewacin Italiya. Masu yi a dā sukan bar shi shekaru a ganga da kwalba har baurin ya kwanta. Na yanzu suna fara gyaran tun daga gona: su rage yawan nonon da ke kan kuranga, su cire itacen nonon kafin tsimawa, su taƙaita zaman ruwan da ƙwallaye. Ioannis Boutaris ya kafa kamfaninsa, wato Boutari, a Naoussa a 1879. Bayan ɓarnar filoksera da yaƙe-yaƙe manoma da yawa sun koma noman wasu 'ya'yan itatuwa, sai a shekarun 1960 da 1970 aka sake dasa gonakin. Wani daga zuriyar, Yiannis Boutaris, ya kafa Kir-Yianni a 1997, ya kuma yi magajin garin Tasalonika daga 2011 zuwa 2019.

A bayan Dutsen Vermio, a Amyndeon, irin nan ɗaya yana girma a tudu mai tsayin sama da mita 550, a ƙasa mai yashi kusa da tabkuna. Sanyin wurin yana sa ya fito da sauƙi, har ana yin mai ruwan hoda da mai kumfa da shi. A Rapsani, gindin Dutsen Olympus, gauraya shi ake yi da Krassato da Stavroto.

A kudu, Nemea ita ce gidan Agiorgitiko, baƙin inabi mai laushin bauri wanda ba ya ba mai yi wahala. Gonakinsa sun fara daga kwari a wajen mita 250 har sama da mita 800, kuma na tsakiyar gangare aka fi yabawa, domin na ƙasa ya kan rasa tsami, na can sama kuma ya kan makara. Kusa da nan, a tudun Mantinia mai sanyi, ana noman Moschofilero, mai fata ruwan hoda amma fara ake yi da shi, mai ƙamshin furanni. A Patras wani Bajamushe ɗan Bavaria, Gustav Clauss, ya kafa masana'anta a 1861, wadda ta yi suna da Mavrodaphne mai zaƙi, inda ake tsayar da tsimawa ta hanyar ƙara barasa tun sukari bai ƙare ba. Tsibirin Samos yana da Muscat a kan matakalan dutse, manomansa kuma suna cikin ƙungiyar gama kai tun 1934.

Retsina

A Attika, kewayen birnin Atina, inda ƙasa take bushe ƙamas, farin inabin Savatiano ne yake jure fari, kuma yana cikin waɗanda aka fi nomawa a ƙasar. Da shi aka fi yin retsina, wadda ake sa wa ƙaron bishiyar fayin. Ana tsaga jikin bishiyar a tari ƙaron, a jefa gutsattsarinsa cikin ruwan inabin lokacin da yake tsimuwa, a cire shi tare da dusa idan an zo tsiyayewa. Ana danganta asalin al'adar da yadda mutanen dā suke shafe tuluna da ƙaro don toshe iska. Dokar Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga Girka, ta kuma iyakance ƙaron kada ya wuce kilo ɗaya a lita 100. Da 'yan yawon buɗe ido suka fara kwarara a shekarun 1960, retsina mai araha ce suka fi cin karo da ita, wadda sau da yawa ƙaron yake rufe aibin ruwan da bai yi kyau ba. Wannan ya ɓata sunan inabin ƙasar baki ɗaya na tsawon lokaci, kuma ba laifin Savatiano ba ne.

Doka da ceton iri

A 1971 gwamnati ta kafa tsarin sunayen yankuna, wanda ya ɗaure sunan wuri da irin da za a dasa a cikinsa da iyakar abin da hekta za ta bayar. Masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai Stavroula Kourakou-Dragona ce ta jagoranci aikin. Naoussa na cikin na farko, kuma duk kwalbar da ke ɗauke da wannan suna dole ta zama Xinomavro zalla. Ƙasar ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1981, kuɗin tallafi suka shigo, matasan da suka yi karatu a Bordeaux da wasu wurare suka dawo gida da ilimin zamani. Yau akwai yankuna 33 masu wannan kariya.

Wasu nau'o'in da kyar suka sha. Malagousia, farin inabi mai ƙamshi, ya kusa ɓacewa a shekarun 1970. Farfesa Vassilis Logothetis na Jami'ar Aristotle da ke Tasalonika ya samo shi a ƙauyukan tsaunin Nafpaktia, ya dasa shi cikin tarin irin da yake gwaji a gonar Porto Carras a Halkidiki. Wani matashin masani da ke aiki a wurin, Vangelis Gerovassiliou, ya lura da shi, ya riƙa matsa shi daban, daga baya ya dasa shi a gonarsa ta Epanomi da ya fara a 1981. Yanzu ana noman Malagousia a kusan kowane yanki na ƙasar. A Kirit, inda filoksera bai isa ba sai a shekarun 1970, iyalin Lyrarakis sun yi irin wannan aiki da Dafni da Plyto, Vidiano na yankin Rethymno kuma ya farfaɗo.

Ba duk inabin ne yake ƙarewa a kwalba ba. Gidajen ƙauye suna dafa ɗanyen ruwansa kafin ya tsimu har ya yi kauri ya zama petimezi, wanda ake zaƙaƙa abinci da shi tun kafin sukari ya yawaita. Ana dama shi da garin alkama a yi moustalevria lokacin girbi, ana naɗe shinkafa da ɗanyen ganyen kurangar, ana kuma yin ruwan tsami na girki. Tukar da ta rage bayan matsa ita ake dafawa a tace tsipouro.

Yawancin gonakin ƙanana ne, na manomi ɗaya sau da yawa bai kai hekta guda ba, saboda haka ƙungiyoyin gama kai suna da muhimmanci har yau. Ta Santorini, Santo Wines, tana aiki tun 1947. Barazanar da ke gabansu ta zafi ce da ta fili. Girbi yana matsowa da wuri, shekarun fari suna yawaita, a Santorini kuma, inda gonakin suka ragu zuwa kimanin hekta 1,200, mai fili yana samun abin da ya fi na inabi nesa ba kusa ba in ya gina masaukin baƙi. Zafin nan dai shi ya sa manoman wasu ƙasashe suka fara neman irin Girka. An dasa Assyrtiko a sassa da yawa na babban yankin Girka, a 2012 kuma kamfanin Jim Barry ya dasa shi a Kwarin Clare na Ostireliya, ya fara sayarwa a 2016. A waɗannan wurare a kan waya ake ɗora kurangar, a ƙasa mai yumɓu da ruwa, kuma abin da take bayarwa ya fi na tsibirin yawa da laushi, ko da yake tsamin bai bar ta ba.